"Nawa Mai Sauƙi Ne": Tsanin da Aka Kafa a Tsakanin Masu Galahanga

A wani taron suna da aka yi a unguwar Birni ta Damagaram bayan ƙaramar salla, ina zaune a tabarma ɗaya da yayata da wata Hajiya da muka tashi unguwa ɗaya. Ɗan yayata mai shekara 11 yana can gindin bango, ya toshe kunnuwansa da tafin hannu saboda guɗa da kiɗan ƙwarya, yana ta jijjiga jiki gaba da baya. Ba ya magana. Duk kalmomin da ya taɓa furtawa tun haihuwarsa ba su cika goma ba. Hajiya ta dube shi, ta dafa gwiwar yayata ta ce, "Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Ai ni ma autana likita a Yamai ya ce yana da abin, amma alhamdu lillahi nawa mai sauƙi ne, irin na masu ƙwaƙwalwa. Ba irin wannan ba ne." Yayata ta ce, "Amin Hajiya, na gode," ta gyara mayafi ta tashi wai za ta duba tuwo. Na bi ta madafa na same ta tana share ido da bakin zane.

Hajiya ba muguwa ba ce, abin da aka gaya mata ta maimaita. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne na san autan nata, don ni na koyar da shi a aji shida. Shi ne na ɗaya a lissafi. Ya haddace garuruwan da ke kan hanyar Damagaram zuwa Yamai da nisan da ke tsakaninsu, har malamai kan kira shi su gwada shi. Ni kuma na taɓa samun sa a bayan aji, ranar da aka sauya jerin bencina ba a gaya masa ba, ya cusa hannu a baki yana cizo har jini ya fito, jikinsa na rawa kamar mazari. Shekara guda cur bai shiga makewayin lakwal ba saboda wari, yakan riƙe fitsari tun safe har a tashi. Ba shi da aboki ko ɗaya. Da na ji an ce nasa mai sauƙi ne, sai na tambayi kaina: sauƙi ga wa?

Lalurar da muke magana a kanta likitoci na ce mata otizim, a takardun asibiti na nan Nijar kuwa da haruffan Faransanci uku ake rubuta ta, TSA. Gidajen rediyon Hausa sun saba ce mata galahanga, kodayake a bakin jama'a wannan kalma kan kwashi duk yaron da girmansa ya bambanta da na tsaransa, ko mene ne dalili. Da ita zan yi amfani tunda ita aka fi sani. Yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne da ake zuwa duniya da shi, gado na da babban hannu a ciki, kuma yana bayyana ta fuska biyu: wahalar mu'amala da sadarwa da mutane, sai kuma maimaita abu guda, naci a kan tsari ɗaya, da jin ƙara ko haske ko wari ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji, wani lokaci kuma ƙasa da haka. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 ne ke da ita. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Binciken 1998 da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010. Haka nan ba sakacin uwa ba ne, duk da cewa a Amurka ma an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi.

Rabon "mai sauƙi" da "mai tsanani" yana da tarihi. A 1943 Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya rubuta bayanin yara 11 da ya ga sun yi tarayya wajen son kaɗaici da ƙin sauyi. A 1944 Hans Asperger a birnin Biyana na Ostiriya ya rubuta bayanin yara maza 4 masu magana kamar manya, masu naci a kan ilimin abu guda, amma ba su san yadda ake zama da tsara ba. (Kafin su duka, wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin waɗannan yara tun 1925, sai dai duniya ba ta waiwaye ta ba sai bayan shekaru da yawa.) Aikin Kanner da Ingilishi yake, ya bazu. Na Asperger da Jamusanci yake, ya kwanta kusan shekara 40.

Wadda ta tono shi ita ce Lorna Wing, likita ƴar Ingila wadda ita kanta tana da ɗiya mai lalurar. Binciken da ta yi da Judith Gould a unguwar Camberwell ta Landan, wanda ya fito a 1979, ya nuna cewa akwai yara da yawa masu irin wannan wahala da ba su shiga ƙunƙuntaccen ma'aunin Kanner ba, don haka ba su da suna, ba su da taimako. A 1981 ta fito da sunan "lalurar Asperger" don a buɗe musu ƙofa. A 1994 sunan ya shiga bugu na huɗu na DSM, kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, wanda likitoci a ƙasashe da yawa ke dubawa.

Makulli aka ƙera, sai mutane suka mayar da shi rawani. Cikin ƴan shekaru "Asperger" ya zama sunan da iyaye ke fatan ji daga bakin likita, sunan mai baiwa, ɗan kwamfuta, ɗan lissafi. "Otizim" tsagwaronta ta zama sunan wanda ake jajanta wa iyayensa. Alhali layin da ke tsakanin biyun ko likitocin ba su daidaita a kansa ba. Wani bincike da Catherine Lord ta jagoranta, wanda ya fito a 2012, ya duba yara sama da 2,000 a cibiyoyi 12 na jami'o'i, ya gano cewa sunan da yaro zai fita da shi ya dogara ƙwarai ga cibiyar da aka kai shi. Yaro ɗaya, a wannan gari a ce masa Asperger, a wancan a ce masa otizim. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2013, a bugu na biyar na DSM, aka haɗe sunayen suka zama ɗaya. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a Janairun 2022, shi ma haka ya yi, sai dai yana ƙara rubuta ko akwai raunin basira, da kuma iya maganar da mutum ke da ita.

DSM na 2013 ya zo da matakai uku: na 1 yana buƙatar tallafi, na 2 yana buƙatar tallafi mai yawa, na 3 yana buƙatar tallafi mai yawan gaske. A lura da kalmar da aka maimaita sau uku, tallafi. Babu matakin da aka ce ba ya buƙatar komai. Kundin ya ce a auna fuskokin nan biyu dabam-dabam, don mutum kan iya zama a mataki na 1 wajen sadarwa, ya zama na 2 wajen jure sauyi. Ya kuma ce matakin kan sauya da wuri da lokaci, kuma kada a yi amfani da shi wajen yanke wa za a taimaka, wa za a bari. Wannan gargaɗi shi ne abin da ya fara faɗuwa a hanya. Kafin magana ta iso tabarmar taron suna, abin da ya rage shi ne lamba: nawa na ɗaya ne, naki na uku.

Akwai kuma wasu kalmomi biyu da suka fi kowanne yawo, waɗanda ma'anarsu ita ce "mai ƙarfin aiki" da "mai raunin aiki". Faransawa kan ce "na babban mataki". Waɗannan ba su taɓa zama sunan lalura a cikin kundin likitoci ba. Masu bincike ne suka riƙa amfani da su don raba waɗanda suka kai maki 70 a jarabawar awon basira da waɗanda ba su kai ba. Amma jarabawar basira ba ta auna ko mutum zai iya tsallaka titi, ko ya tuna cin abinci, ko ya gane mai son cutarsa. A 2019 masu bincike a birnin Perth na Ostireliya, ƙarƙashin Gail Alvares, sun duba yara da matasa 2,225, suka ga cewa waɗanda ba su da raunin basira iya tafiyar da rayuwarsu ta yau da kullum ya yi ƙasa sosai da abin da makinsu ke nunawa. Suka ba da shawarar a daina kiran su masu ƙarfin aiki. Ta ɗaya gefen, Michelle Dawson, mai bincike a Kanada wadda ita ma tana da lalurar, ta nuna tare da abokan aikinta a 2007 cewa idan aka gwada waɗannan yara da jarabawar zane-zane wadda ba ta dogara da magana ba, sakamakonsu kan tashi sama sosai fiye da na jarabawar da aka saba. Ke nan awon yana iya ɗaga wani fiye da ƙarfinsa, ya danne wani ƙasa da ƙarfinsa.

To ina ga yaron da ke jin Hausa ko Barbarci kaɗai, aka ɗauko shi a kar daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ya kwana a gidan da bai sani ba, da safe baƙon mutum ya zaunar da shi a ɗaki mai ƙarar fanka yana yi masa tambaya da kayan gwajin da aka tsara da harshen Turawa? Abin da za a gani a wannan rabin awa gaskiya ne, amma gaskiyar wannan safiyar ce. Iyali kuma su dawo da ita a jaka su rataya wa yaro har girmansa.

Da Wing ta ce lalurar faffaɗa ce, mutane suka ɗauka layi ne miƙaƙƙe, daga kaɗan zuwa da yawa, kamar ma'aunin zafin jiki. Ni a aji yadda na ga abin ya fi kama da miya. Gishiri da nasa awo, barkono da nasa, daddawa da nata, kuma ba a cewa wannan tukunya ta fi waccan zama miya. Autan Hajiya magana ta cika masa baki, amma wari da sauyi na kayar da shi. Ɗan yayata ba shi da magana, amma yana cin duk abin da aka ba shi, kuma idan baƙi suka tashi tafiya shi ke zuwa bakin ƙofa ya tsinto wa kowa takalminsa daga cikin tari, bai taɓa kuskure ba. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A kan waɗannan yara karin maganar ba ta aiki: fuskar kan yi shiru alhali ciki na tafasa, kuma wanda bai amsa ba sau da yawa ya ji duk abin da aka faɗa a kansa.

Tsanin yana cutar da na sama da na ƙasa, kowanne ta hanyarsa. Wanda aka ce nasa mai tsanani ne, ana daina sa masa rai: ba a kai shi lakwal, ba a kai shi makarantar allo, ba a neman hanyar da zai bayyana abin da yake so da hoto ko alama, ana magana a kansa a gabansa kamar ba ya nan. Wanda aka ce nasa mai sauƙi ne, ana daina yi masa uzuri: in ya kasa, an ce taurin kai ne ko shagwaɓa, tunda ai likita ya ce yana da ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike a ƙasar Suwidin da Tatja Hirvikoski ta jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya bi bayanan masu lalurar sama da 27,000, ya ga suna rasuwa da wuri fiye da sauran jama'a. Ga waɗanda ke da raunin basira, farfaɗiya na kan gaba a dalilan. Ga waɗanda ake kira masu sauƙi kuwa, haɗarin kashe kai ya ninka na sauran mutane kusan sau tara. Duk lokacin da na ji "nawa mai sauƙi ne" sai wannan adadi ya faɗo mini a rai.

Dalilin yana da alaƙa da abin da manyan masu lalurar ke kira rufe fuska, wato yini guda mutum yana kwaikwayon sauran mutane: ya haddace gaisuwa, ya tilasta wa kansa murmushi, ya danne motsin hannun da ke kwantar masa da hankali, ya dawo gida kamar wanda ya yi noman rani. Mata sun fi ƙwarewa a wannan, shi ya sa ake gano maza kusan huɗu a kan mace ɗaya, alhali bincike na nuna ainihin tazarar ta fi kusa da uku. A wurinmu kuma al'ada na ƙara lulluɓe abin. Rashin kallon ido, wanda likitocin Turai ke lissafawa a alamomi, a gidajenmu ladabi ne. Yarinyar da ba ta magana a taro, ba ta fita, an ce mai kunya ce, ana ma yabon uwarta. Sai an kai ta gidan miji, cikin kishiyoyi da dangin miji da hayaniyar gidan yawa, abin ya fashe, a ce aljanu ne.

A 2018 wani masanin tarihi ɗan Ostiriya, Herwig Czech, ya fito da takardun da suka nuna cewa Asperger ya yi aiki da tsarin gwamnatin Nazi: ya sa hannu an tura yara zuwa asibitin Spiegelgrund a Biyana, inda aka hallaka yara kusan 800, ya kuma zauna a kwamitin da ke ware yaran da aka ce ba za su ilimtu ba. Yaran da ya yaba, ya yabe su ne da cewa za su amfani al'umma. Wannan shi ne tsanin a mafi muninsa: a auna ran mutum da amfaninsa. Bayan fitowar wannan, da yawa sun ajiye sunan. Wasu sun riƙe shi, kuma ba na ganin laifin wanda ya ce da wannan suna ya fara gane kansa bayan shekaru yana zaton shi lalatacce ne. Wanda nake ƙi shi ne mai riƙe sunan don ya ce, "Ni ba irin waɗancan ba ne." Masu lalurar da kansu sun daɗe suna sukar wannan hali a tsakaninsu.

Amma gardamar ba ta ƙare a nan ba, kuma ɓangare na biyu nata ya fi taɓa gidanmu. Tun shekarun 1990 manyan masu lalurar suka fara magana da bakinsu. Ɗaya daga cikinsu, Jim Sinclair, ya yi jawabi ga iyaye a wani taro a Toronto a 1993, yana roƙonsu su daina makokin ɗan da suka yi mafarkin samu, su dubi wanda ke gabansu. A 2006 aka kafa ƙungiyar ASAN a Amurka, wadda masu lalurar ke jagoranta, bisa aƙidar cewa kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba. Sun kawo alheri mai yawa. Sai dai wasu iyaye suka ce: waɗanda ke hawa mumbari su ne masu magana, masu digiri, ɗana da ke buga kai a bango, wanda ba zai iya kwana shi kaɗai ba har abada, ya ɓace a ƙarƙashin suna ɗaya da su, kuma bincike da kuɗi sun karkata ga masu iya cike takardar tambayoyi. A Disamban 2021 kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ba da shawarar sabon suna, "otizim mai zurfi", ga wanda ya kai shekara 8 zuwa sama, yana buƙatar babban mutum a kusa da shi dare da rana, kuma makin basirarsa bai kai 50 ba ko maganarsa ƙalilan ce ƙwarai. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kashi 26.7 cikin ɗari na yara ƴan shekara 8 masu lalurar da ta duba sun shiga wannan rukuni. Ƙungiyoyin masu lalurar da yawa sun ƙi sunan, suna cewa tsohon tsani ne aka sake wa fenti.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan masu ɗakin biyu ne. Babban da ke da lalurar ya san yadda ƙarar injin niƙa ke shiga ƙashi, abin da yayata ba za ta taɓa ji ba. Yayata kuma ta san abin da shi bai sani ba: kwaɗo biyu a ƙofar gida tun ranar da yaron ya fita da asuba aka same shi wajen kasuwar Dole ba takalmi, fargabar damina, lokacin da kududdufai ke cika, don ruwa na jan irin waɗannan yara kuma nutsewa na cikin manyan haɗurran da ke kashe su, da tambayar da takan yi mini idan dare ya yi, "In na mutu wa zai riƙe shi?" Duk wanda zai ce mata kada ta ambaci nauyin da ke kanta don kar a ɓata sunan lalurar, bai yi mata adalci ba.

Inda na tsaya shi ne: a faɗi buƙata tsirararta, kada a sassauta. A ce yana buƙatar mai tsaro dare da rana, yana da farfaɗiya, ba ya magana da baki, yana fita ba sani. Wannan bayani ne da za a iya aiki da shi. Amma layin maki 50 bai fi na maki 70 ƙarfi ba, kuma yaro ba ya tsayawa inda aka auna shi. Donald Triplett, yaro na farko a cikin 11 na Kanner, an ajiye shi a gidan kula da yara tun yana ƙarami, kafin iyayensa su dawo da shi gida. Ya girma a ƙaramin garinsu na Forest a jihar Misisipi inda kowa ya san shi yadda yake, ya gama kwaleji, ya yi aiki a banki shekaru da yawa, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowane yaro ne zai bi wannan hanya ba, kuma wanda bai bi ba darajarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. Abin da labarin ke nunawa shi ne hukuncin da aka yanke a shekara huɗu bai isa ya rufe littafi ba.

Mu ma muna da namu tsanin tun kafin na likitoci ya iso. A can ƙasa akwai wanda ake ce wa ɗan ruwa, ko an ce aljanu sun yi musaya, wanda ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. Sama da shi akwai dolo da gaula, waɗanda yaran unguwa ke bi da tsokana. Sai miskili, wanda muka yi wa kirari da cewa ya fi mahaukaci ban haushi. Ina da yaƙinin cewa cikin waɗanda muka laƙaba wa wannan suna akwai masu lalurar da ba a taɓa ganowa ba. A can ƙololuwa kuma akwai wanda haddarsa ta ba mutane mamaki, sai a ce waliyyi ne, a riƙa neman addu'arsa, ba mai tambayar ko ya ci abinci. Mu da muka san tarihin Kara-Kara, inda aka riƙa ware kutare a gefen gari, mun san abin da suna ke iya yi wa mutum da zuriyarsa. Alƙur'ani ma ya hana mu jifan juna da miyagun laƙabobi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Abin da nake tsoro shi ne kalmomin likita su zo su hau kan wannan tsohon tsani daram: mataki na 3 ya zama sabon sunan ɗan ruwa, Asperger ya zama sabon sunan waliyyi.

Likitoci biyu, Muideen Bakare na Najeriya da abokin aikinsa Kerim Munir na Amurka, sun lura tun 2011 cewa a Afirka yaran da ke isa asibiti da wannan lalura yawancinsu marasa magana ne, kuma a makare ake kai su. Ke nan waɗanda ake gani su ne waɗanda gida ya gaji da ɗawainiyarsu, bayan an gama zagaya masu ruƙiyya da masu magani. Sauran suna cikin azuzuwanmu masu yara sittin ko fiye, suna shan bulala a kan laifin da ba su gane ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, wadda ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatu tare da tsaransa. A ƙasashen da suka ƙirƙiro matakan nan, lambar takan zo da mataimaki a aji, da mai koyar da magana, da tallafin kuɗi. A wurinmu lambar ce ke isowa ita kaɗai. A biranen ƙasar Hausa makafi na da sarki, kutare na da sarki, guragu na da sarki, suna da mai kai kukansu fada. Masu galahanga har yanzu iyaye mata ne kawai ke magana a madadinsu, su ma a ɓoye. In kuma suka rabu gida biyu, masu sauƙi da masu tsanani, muryar da ba ta da ƙarfi dama ta sake rabuwa.

Wata biyu bayan sunan nan Hajiya ta yi mini sallama bayan magariba. Ba ta ko taɓa ruwan da na kawo mata ba. Ta ce, "Malama, yaron nan ya daina zuwa makaranta. Ya kulle kansa a ɗaki, ba ya barci, ya ce ya gaji da kwaikwayon mutane. Alhaji ya ce iskanci ne, tunda likita ya ce nasa ba wani abu ba ne." Na ce mata maganar gajiya da rashin barci ba ta jira, gobe ta koma da shi wurin likita ta faɗi kalmomin yaron yadda ya faɗe su, kuma kada a bar shi shi kaɗai tsawon dare. Sannan na yage takarda daga littafin darasi muka raba ta gida huɗu: abin da ke tayar masa da hankali, abin da ke kwantar masa, abin da yake iyawa kullum, da abin da yake iyawa ranar da yake da ƙarfi kawai. Gida na huɗu ne ya fi cika, har muka juya bayan takardar. Na ce ta bar shi ya karanta ya gyara da hannunsa, don shi ya fi mu sani.

Irin wannan takarda yayata ta daɗe da yi wa nata, tana manne a bayan ƙofar ɗaki don duk wanda zai zauna da shi in ta fita. Washegari da yamma na raka Hajiya gidan yayata. Sun daɗe suna gaisawa, kowacce tana kallon tabarma, kafin Hajiya ta ce, "Ƙanwata, ke yaya kike yi da barcinsa?" Yayata ta ce ta fara da kashe fitila da rediyo a lokaci ɗaya kullum, ko da baƙi a gidan, abincin dare kada ya wuce isha'i, in za a yi wani sauyi gobe, ko tafiya ko baƙo ko aski, a gaya masa tun yau, a sake gaya masa da safe, kuma a samar masa lungu ɗaya a gidan da ba mai shiga in yana ciki, ko da Alhaji ne. Hajiya ta ciro waya daga jaka ta miƙo mini, ta ce in rubuta mata duka kada ta manta.